Tarihin Haɗa Kwamfutar Wasa: Yadda Zaɓin Sassa Ya Koma Hannun Mai Saye

Gabatarwa

Duk wanda yake son mallakar kwamfutar wasa mai ƙarfi a yau yana da hanya biyu a gabansa. Ko dai ya sayi wadda wani kamfani ya riga ya haɗa, ko kuma ya bi sassanta ɗaya bayan ɗaya ya zaɓa, ya haɗa abinsa da hannunsa. Mai bin hanya ta biyu yakan sayi ƙwaƙwalwar kamfanin Amurka, da uwar allon kamfanin Taiwan, da ma'ajiyar kamfanin Koriya ta Kudu, da akwatin da aka ƙera a ƙasar Sin. Idan ya kawo su gida ya baje a kan tebur, kowane sashe yakan shiga gurbinsa kamar tare aka ƙera su. Abin ya zama jiki har ba a cika tambayar dalilinsa ba, alhali mai wayar salula ba ya iya sauya ƙwaƙwalwar wayarsa, haka ma mai akwatin talabijin.

Wannan maƙala ta bi diddigin yadda kwamfutar tebur ta fita daban. Za a ga cewa ƴancin zaɓin sassa ya samo asali ne daga gaggawar wani babban kamfani a shekarar 1981, kuma gasa tsakanin kamfanoni da buƙatun masu wasa ne suka raya shi. Za a kuma ga yadda tsada da taruwar ƙarfi a hannun kamfanoni ƙalilan suke neman taƙaita shi a wannan zamani.

Sassan da Ake Magana a Kansu

Sassa takwas ne ginshiƙan kwamfutar wasa. Na farko ita ce ƙwaƙwalwa, wadda masu sana'ar ke kira furosesa, ita ke aiwatar da umarnin manhaja. Sai uwar allo, wato faffaɗan allon lantarki wanda sauran sassa ke hawa kansa. Sai katin hoto, mai zana duk abin da ido ke gani a sikirin. Akwai ma'ajiyar wucin gadi da aka fi sani da RAM, wadda ke riƙe da aikin da ake ciki, da kuma rumbun ajiya inda wasanni ke zama ko an kashe na'ura. Sauran su ne na'urar ba da wuta, da na'urar sanyayawa, da akwatin da ke ɗauke da su duka. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da lokacin da ya shigo cikin lissafin mai saye.

Mafarin Al'amari

A watan Janairu na shekarar 1975, mujallar Popular Electronics ta Amurka ta buga hoton wata na'ura mai suna Altair 8800 a bangonta. Wani ƙaramin kamfani mai suna MITS ne ya ƙera ta a birnin Albuquerque, ƙarƙashin jagorancin Ed Roberts. Ana sayar da ita a warwatse a kan kuɗin da bai kai dala 500 ba, mai saye ne zai zauna da dalma da waya ya haɗa. Ba ta zo da sikirin ko madannai ba, sai ƴan maɓallai da fitilu a gabanta. Abin da ya ba ta daraja shi ne gurabe da aka bari a cikinta domin cusa ƙarin alluna. Nan da nan wasu kamfanoni suka fara ƙera allunan da za su shiga waɗannan gurabe.

Shekara biyu bayan haka, a 1977, kamfanin Apple ya fito da Apple II, wadda Steve Wozniak ya tsara da gurabe takwas. Sai dai a wancan lokaci kowane kamfani da nasa tsarin. Katin Apple ba ya shiga Altair, manhajar Commodore ba ta aiki a na'urar Tandy. Wanda ya sayi kwamfutar wani kamfani ya shiga gidansa ke nan, abin da aka dafa a gidan shi zai ci.

Gaggawar IBM

A ƙarshen shekarun 1970, IBM ne giwa a duniyar kwamfuta, amma ƙarfinsa yana kan manyan injuna na bankuna da hukumomi. Al'adarsa ita ce ya ƙera kusan komai da kansa, abin da kan ɗauki shekaru. Da shugabanninsa suka ga ƙananan kamfanoni suna cin kasuwar kwamfutar gida da ta ofis, sai suka kafa wani ƙaramin rukuni a garin Boca Raton na jihar Fulorida, wanda Don Estridge ya jagoranta, aka ba su kimanin shekara ɗaya su fito da na'ura.

Shekara ɗaya ba ta isa a ƙera komai daga tushe ba, don haka rukunin ya shiga kasuwa. Suka ɗauki ƙwaƙwalwar Intel 8088, suka karɓi manhajar gudanarwa ta DOS daga wani ƙaramin kamfani mai suna Microsoft, sauran sassa kuma suka saye su daga masu ƙera su. A ranar 12 ga Agusta, 1981, aka ƙaddamar da IBM PC. Mafi araha daga cikinta tana da ma'ajiya mai kilobait 16, a kan dala 1,565. Tana da gurabe biyar na ƙarin kati, na'urar wutarta kuma tana ba da wat 63.5 kacal. Yana da kyau a riƙe wannan adadi, domin za a sake waiwayarsa.

Abubuwa uku da aka yi cikin wannan gaggawa ne suka sauya tarihi. Na farko, IBM ya wallafa littafin bayanin na'urar, har da zanen hanyoyin lantarkinta, domin wasu su ƙera mata katuna da manhajoji. Na biyu, yarjejeniyarsa da Microsoft ba ta hana Microsoft sayar da manhajar ga wasu kamfanoni ba. Na uku, IBM bai yarda ya dogara ga masana'anta ɗaya ba wajen samun ƙwaƙwalwa, abin da ya sa Intel ya ba kamfanin AMD izinin ƙera irin tasa a 1982. Daga wannan izini ne gasar da ake gani har yau tsakanin Intel da AMD ta samo tushe.

Tun a wannan na'ura ta farko aka bar wa mai saye zaɓin katin hoto. Akwai mai nuna rubutu zalla da launi ɗaya, akwai kuma mai suna CGA wanda ke iya nuna zane da launi huɗu a lokaci guda. Ma'aikacin ofis ya ɗauki na farko, mai sha'awar wasa ya ɗauki na biyu.

Bango Ya Tsage

Abu ɗaya IBM ya riƙe a matsayin makulli, wato ƴar manhajar da ake kira BIOS, wadda ke tayar da na'ura kuma ke shiga tsakanin sassa da sauran manhajoji. An buga rubutunta a cikin littafin bayani, amma dokar haƙƙin mallaka ta hana kwafarta. Lissafin kamfanin shi ne, ko da wani ya sayi sassa iri ɗaya, ba zai iya yin kwamfutar da ta yi daidai da tasa ba sai ya saci wannan rubutu, kuma idan ya sata kotu na jiransa.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Doka ta kare kalmomin rubutun ne, ba ta kare aikin da rubutun ke yi ba. A 1982 wasu injiniyoyi uku, Rod Canion da Jim Harris da Bill Murto, suka kafa kamfanin Compaq a birnin Houston na jihar Teksas. Suka sa ma'aikatan da ba su taɓa ganin rubutun IBM ba su rubuta sabuwar BIOS mai yin aiki iri ɗaya. Kwamfutarsu ta shiga kasuwa a 1983, kuma a shekarar farko kamfanin ya yi cinikin dala miliyan 111. A 1984 kamfanin Phoenix ya bi irin wannan hanya, inda rukuni ɗaya ya nazarci aikin manhajar ya rubuta bayaninsa, wani rukuni dabam ya gina sabuwa daga bayanin. Bambancin shi ne Phoenix ya sa tasa a kasuwa ga duk mai so. Daga nan kowane ƙaramin kamfani yana iya haɗa kwamfuta mai cin manhajojin IBM.

Babu inda aka ci moriyar wannan dama kamar tsibirin Taiwan. An kafa kamfanonin MSI da Gigabyte a 1986, ASUS kuma a 1989, kuma su ne har yau ke kan gaba wajen ƙera uwar allo. A 1987 Morris Chang ya kafa TSMC a Hsinchu, masana'antar da ke ƙera ƙwayoyin lantarki bisa zanen wasu kamfanoni. Zuwa ƙarshen shekarun 1980, ana iya shiga kanti a sayi uwar allo ita kaɗai.

Yunƙurin Rufe Ƙofa

IBM ya farga cewa gonar da ya share wasu ke girbe ta. A watan Satumba na 1986, Compaq ya riga shi fito da kwamfuta mai ƙwaƙwalwar Intel 386, alamar cewa mabiyi ya wuce jagora. A watan Afrilu na 1987 IBM ya mayar da martani da jerin na'urori masu suna PS/2, waɗanda ke da sabon tsarin gurabe mai suna Micro Channel. Tsarin ya fi tsohon sauri da inganci, amma tsofaffin katuna ba sa shiga cikinsa, kuma duk kamfanin da ke son amfani da shi sai ya biya IBM kuɗin izini.

A nan ne aka yi gumurzun da ya yanke makomar mai haɗa kwamfuta. Da kasuwa ta bi IBM, da kamfani ɗaya ne zai riƙa faɗin wanda zai ƙera kati da farashin da zai biya. A 1988 kamfanoni tara, ciki har da Compaq da Hewlett-Packard da Epson da NEC da Olivetti, suka haɗa kai suka fitar da nasu tsarin mai suna EISA, wanda ke karɓar tsofaffin katuna. Masu saye ba su yarda su zubar da kayan da suka tara ba, don haka Micro Channel bai samu karɓuwa ba a wajen na'urorin IBM. Kamfanin bai sake riƙe linzamin kasuwar ba, har a 2005 ya sayar da sashensa na ƙananan kwamfutoci ga Lenovo na ƙasar Sin.

Wasa Ya Zama Ma'auni

An yi IBM PC ne domin lissafi da rubutun ofis, sautinta kuma bai wuce ƴar ƙara ba. Gurabenta ne suka ba da damar gyara wannan rauni. Katin sauti na AdLib ya fito a 1987, Sound Blaster na kamfanin Creative da ke Singafo ya biyo baya a 1989. Tsarin hoto na VGA, wanda ya zo tare da PS/2, ya kawo launi 256 a lokaci guda, kuma shi kam sauran kamfanoni sun kwaikwaye shi.

A ranar 10 ga Disamba, 1993, kamfanin id Software na Teksas ya saki wasan Doom, aikin John Carmack da John Romero da abokansu. An raba kashin farko na wasan kyauta, ya bazu a jami'o'i da ofisoshi. Yana buƙatar ƙwaƙwalwar 386 da ma'ajiya mai megabait 4, amma bai cika gudu sumul ba sai a kan 486. Mutane da yawa suka buɗe akwatunan kwamfutocinsu a karon farko domin ƙara ma'ajiya ko sauya ƙwaƙwalwa saboda wasa.

Wasan Quake na wannan kamfani, wanda ya fito a watan Yuni na 1996, ya koyar da wani darasi. A lokacin, kamfanin Cyrix yana sayar da ƙwaƙwalwa mai suna 6x86, wadda ta fi Pentium ta Intel araha kuma take gogayya da ita a aikin ofis. Amma Quake ya dogara ne ga lissafin lambobi masu ɗigo, inda Pentium ke da ƙarfi, Cyrix kuma ke da rauni. Waɗanda suka saye ta domin araha suka tarar wasan yana jan ƙafa. Tun daga nan masu wasa suka daina gaskata lambar da aka rubuta a kwali, suka koma neman sakamakon gwaji, wato yawan hotunan da na'ura ke iya zanawa cikin daƙiƙa ɗaya a wasan da suke so.

Katin Hoto Ya Hau Karaga

Har zuwa wannan lokaci ƙwaƙwalwa ce ke ɗauke da nauyin zana hoto mai zurfi. A 1996 wani ƙaramin kamfani na Kalifoniya mai suna 3dfx ya fito da Voodoo Graphics, kati mai megabait 4 wanda ba ya komai sai wannan aiki. Ana sa shi ne kusa da katin hoto na yau da kullum, a haɗa su da gajeriyar waya ta bayan akwati. Da aka fitar da sigar Quake mai amfani da irin wannan kati a farkon 1997, bambancin ya fito fili ga duk mai ido. A 1998 Voodoo2 ya zo da damar haɗa kati biyu su yi aiki tare, kuma daga nan aka fara gane kwamfutar mai hali da yawan abin da ya kashe wa hoto.

Ɗaukakar 3dfx ba ta daɗe ba. A da yana sayar da ƙwayoyinsa ga kamfanoni daban-daban su ƙera katuna, amma a ƙarshen 1998 ya sayi kamfanin STB domin ya riƙa ƙerawa shi kaɗai. Abokan cinikinsa na da suka koma wurin abokin hamayyarsa, Nvidia, wanda Jensen Huang da Chris Malachowsky da Curtis Priem suka kafa a 1993. A watan Oktoba na 1999 Nvidia ya fito da GeForce 256, wanda ya karɓe wani babban kaso na lissafin siffa da haske daga hannun ƙwaƙwalwa. A watan Disamba na 2000, 3dfx ya sayar wa Nvidia kadarorinsa. Kuskuren da ya kayar da shi ɗan'uwan na IBM ne, wato yunƙurin cin kasuwa shi kaɗai. Wanda ya rage a fagen shi ne ATI na ƙasar Kanada mai katunan Radeon, wanda AMD ya saya a 2006.

Ƙa'idojin da Suka Sauƙaƙa Haɗi

Samun sassa a kasuwa bai isa ya sa haɗi ya zama mai sauƙi ba. A farkon shekarun 1990, sai mai haɗawa ya jera wasu ƴan ƙananan marufai a kan allo domin gaya wa kowane kati layin da zai bi, kuma idan biyu suka yi karo sai na'ura ta tsaya cik. Wutar uwar allo tana zuwa ne ta filogi biyu masu kama da juna, waɗanda idan aka musanya su allon na iya ƙonewa. Masu sana'ar sukan haddace cewa baƙaƙen wayoyi su haɗu a tsakiya.

Intel, wanda ribarsa ke ƙaruwa da yawan kwamfutocin da aka haɗa ko wane ne ya haɗa su, shi ya jagoranci gyara. A 1992 ya kawo guraben PCI, waɗanda ke rage wahalar saiti. A 1995 ya fitar da ƙa'idar ATX, wadda ta tsayar da girman uwar allo a kan milimita 305 da 244, ta tsayar da wuraren ramukan kusoshi, ta kuma maye filogi biyun nan da guda ɗaya wanda ba ya shiga sai ta fuskar da ta dace. Gurbin AGP na katin hoto ya zo a 1997, sannan PCI Express ya gaje shi daga 2004. Ƙarfin waɗannan ƙa'idoji ya kai ga cewa uwar allon da aka ƙera a bana tana iya zama a akwatin ATX da ya shekara ashirin.

Gudu, Zafi da Wuta

Da haɗi ya yi sauƙi, masu wasa suka fara tura sassa fiye da iyakar da aka rubuta musu. A 1998 aka gano cewa Celeron 300A, ƙwaƙwalwa mai araha ta Intel, tana iya gudu a megahaz 450 idan aka ɗaga saurin uwar allo daga 66 zuwa 100. Da haka talaka ya kamo mai Pentium II mafi tsada. Kamfanonin Taiwan suka lura, suka fara ƙera alluna na musamman masu sauƙaƙa wannan dabara.

Gasa ta yi tsanani a 1999 da fitowar Athlon ta AMD, wadda ta riga Intel kaiwa gigahaz 1 a watan Maris na 2000. Amma kowa ya ci zomo ya ci gudu. Ƙarin sauri yana jawo ƙarin wuta, ƙarin wuta kuma yana haifar da zafi. A 2004 Intel ya janye shirinsa na fitar da Pentium 4 mai gigahaz 4, kamfanonin biyu suka koma ga sanya cibiyoyi biyu ko fiye a ƙwaƙwalwa ɗaya daga 2005. A wannan zamani ne na'urar sanyayawa da na'urar ba da wuta, waɗanda a da ba a kula da su, suka shiga sahun sassan da ake zaɓa da natsuwa. Shaidar ingancin wuta ta 80 Plus ta fara aiki a 2004. Da wasan Crysis na kamfanin Crytek na Jamus ya fito a ƙarshen 2007, ko na'urori mafiya tsada sun kasa ɗaukarsa a matakin ƙoli, ya zama mizanin gwada kwamfuta na tsawon shekaru.

Bayan fitowar Core 2 a 2006, Intel ya yi kusan shekara goma yana jan zarensa, kuma a tsawon wannan lokaci cibiyoyi huɗu ne iyakar abin da yawancin masu saye ke samu. A watan Maris na 2017 AMD ya dawo da Ryzen mai cibiyoyi takwas a farashi mai sauƙi, kafin shekarar ta ƙare Intel ya ƙara nasa zuwa shida. Wannan ya nuna a fili abin da gasa ke yi wa mai saye.

Baƙin da Suka Shigo Kasuwa

Katin hoto yana yin dubban ƙananan lissafi a lokaci guda, kuma ba wasa kaɗai ke buƙatar haka ba. Tun daga 2007 Nvidia ya buɗe katunansa ga masu bincike ta hanyar manhajar CUDA. A 2012 wasu masu bincike a Jami'ar Toronto suka horar da tsarin gane hotuna mai suna AlexNet a kan katunan wasa biyu samfurin GTX 580, suka lashe wata gasa da tazara mai yawa. Wannan nasara na daga cikin abubuwan da suka buɗe babin ƙirƙirarriyar basira ta wannan zamani.

Masu haƙar kuɗin intanet su ma suka gano amfanin katin. A 2017 suka kwashe shi daga kantuna, abin ya sake dawowa da ƙarfi daga ƙarshen 2020, lokacin da annobar korona ta tsare mutane a gida kuma ta hargitsa sufuri. Katin RTX 3080, wanda aka sa wa farashin dala 699, ya yi wuyar samu, inda aka same shi kuma farashinsa ya yi tashin gwauron zabo. Sauƙi bai samu sosai ba sai a watan Satumba na 2022, lokacin da tsarin Ethereum ya daina amfani da haƙa. Kafin masu wasa su gama numfasawa, kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suka shigo da kuɗin da ba a taɓa gani ba. A yau abin da Nvidia ke samu daga manyan cibiyoyin bayanai ya ninka abin da yake samu daga wasa sau da yawa.

Alƙaluma sun nuna sauyin. A 2017 katin GTX 1080 Ti ya fito a kan dala 699, yana shan wat 250. A 2022 RTX 4090 ya zo a kan dala 1,599 da wat 450. A watan Janairu na 2025 RTX 5090 ya fito a kan dala 1,999, yana shan wat 575, wato kusan ninki tara na duk abin da na'urar wutar IBM PC ke bayarwa. Ƙari a kan haka, mafi yawan ƙwayoyin Nvidia da na AMD a masana'antar TSMC ake ƙera su. Mai saye yana ganin sunaye barkatai a kwalaye, amma ƙwayar da ke ciki ta kamfani uku ce kawai, Nvidia ko AMD ko Intel, wanda ya shigo fagen da katunan Arc a 2022.

Abin da Tarihin Ke Koya wa Mai Zaɓe

Tsarin da ƙwararru ke bi wajen zaɓe a yau gado ne na waɗannan matakai. Ana farawa da sikirin da irin wasan da za a yi, daga nan a zaɓi katin hoto, domin tun zamanin Voodoo shi ke ɗaukar kaso mafi tsoka na aiki da na kuɗi. Sai a nemi ƙwaƙwalwar da za ta iya ciyar da shi, bisa sakamakon gwaji, kamar yadda labarin Cyrix ya koyar. Misali na kusa shi ne Ryzen 7 5800X3D ta 2022, wadda ƙarin ma'ajiyar cikinta ya sa ta zarce wasu masu tsada a wasa.

Ƙwaƙwalwa ce ke tsayar da uwar allo, domin kowace tana da soket ɗinta. Intel ya sauya nasa a 2020 da 2021 da 2024, yayin da soket ɗin AM4 na AMD ya karɓi sababbin ƙwaƙwale fiye da shekara biyar kafin AM5 ya zo a 2022. Uwar allo kuma ke tsayar da ma'ajiya, domin DDR4 ba ta shiga gurbin DDR5. Daga nan sai lissafin wuta, inda ake barin rara, kamar yadda Nvidia ya ba da shawarar na'ura mai wat 1,000 ga RTX 5090. Sai awon akwati, tun da manyan katuna sun haura santimita 30 a tsawo. Ga mazauna yankin Sahel akwai ƙarin abin lura, domin zafin bazara da ƙurar hunturu da yankewar lantarki suna ɗora wa fanka da matatar ƙura da batirin ajiyar wuta nauyin da ba a ɗora musu a ƙasashe masu sanyi.

Kammalawa

An ga yadda gaggawar IBM ta bar ƙofa a buɗe a 1981, yadda Compaq da Phoenix suka faɗaɗa ta, da yadda kamfanoni tara suka hana a rufe ta a 1988. An ga yadda wasanni suka ɗaga katin hoto sama da sauran sassa, da yadda ƙa'idar ATX ta mayar da haɗi aikin yamma ɗaya. Sau biyu, a labarin IBM da na 3dfx, kasuwa ta hukunta wanda ya nemi ya keɓe ta, domin a lokacin akwai inda masu saye za su koma.

Halin da ake ciki yanzu ya bambanta. Gurabe suna nan a buɗe, amma masu ƙera abin da ke shiga mafi muhimmancin gurbi sun ragu zuwa uku, kuma babban cikinsu ya sami abokan ciniki da suka fi mai wasa kuɗi. A gefe guda, na'urori irin su kwamfutocin Apple masu ƙwaƙwalwar M1, da suka fito a 2020, sun curo ƙwaƙwalwa da sashen hoto da ma'ajiya wuri ɗaya, ba a iya sauya ko ɗaya. Ɗorewar ƴancin mai haɗa kwamfuta ta dogara ne ga abu biyun da suka raya shi tun farko, wato ƙa'idar da kowa ke iya bi ba tare da neman izini ba, da kuma abokin hamayya mai ƙarfin da zai sa babba ya rage farashi.